Dutsen da Motoci Ke Gudu a Karkace

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin titin Hammaruwa a Jalingo yana kallon abin da ke wucewa ya san Japan, ko da bai san inda take a taswira ba. Toyota, Honda, Nissan, Mazda, duk 'ya'yanta ne, sun iso mana ta Kwatano a gajiye bayan wasu sun more su. To su masu ƙera motar, me suke yi da ita ranar hutu? Ɗan yayata da ke karatun injiniya a birnin Sendai yana cikin wata 'yar ƙungiya ta masu sha'awar mota, kuma a watan Afrilu, idan ƙanƙara ta janye daga hanyoyin duwatsu, suke buɗe kakar wasansu ta shekara: Asabar gudu da agogo, Lahadi wasan zamiya. Ya kira ni ya ce, "Kawu, ka zo ka ga inda ake ƙona taya da gangan."

Daga Tokiyo na shiga jirgin ƙasan nan mai dogon hanci da suke kira Shinkansen. A layin da ya nufi arewa, mafi saurin jiragen yana kai kilomita 320 a awa ɗaya. Ni mutumin jihar da babu ko taku ɗaya na layin dogo, na zauna ina jiran jijjiga da ƙara, shiru kake ji. Gidaje da gonakin shinkafa suna wucewa fuu ta taga, amma shayin da na ajiye a gabana ko rawa bai yi ba. Babu mai tallar magani, babu mai amsa waya da ƙarfi, babu wanda ya tambaye ni daga ina. Ma'aikacin jirgi in ya shigo tarago sai ya rusuna, in zai fita ya juyo ya sake rusunawa, ga mutanen da rabinsu barci suke yi. A Koriyama na sauya zuwa ƙaramin jirgi, ya sauke ni a Nihonmatsu, wani gari na lardin Fukushima da ke kwance a gindin dutsen Adatara.

Afrilu fa ake ciki, watan da Jalingo ke tafasa, ana kwana a tsakar gida ana jiran hadarin farko. A nan kuwa da sassafe in ka yi magana tururi ne ke fita daga bakinka, kan dutsen kuma fari fat da ragowar ƙanƙara. Sanyin Nguroje da Gembu a fata yake tsayawa, wannan ƙashi yake nema. Bishiyoyin bakin hanya babu ganye, sai fure fari mai sirkin ja, ya rufe rassa ruf. Iyali guda sai su shimfiɗa leda a ƙarƙashi su zauna suna kallonsa, ba 'ya'ya za su tsinka ba, ba inuwa suke nema ba, furen kawai. Agogonsu ya riga namu da awa 8, ina sallar asuba mutanen gida ba su daɗe da idar da isha'i ba. Alƙibla kuma ta wajen yamma take. Mutum ya tashi yana fuskantar gabas duk rayuwarsa, sai ga shi ya ba mafitar rana baya yana kabbara.

Wurin da ƙungiyar ta kama haya ana ce masa Ebisu. Gefen dutse ne aka sassaƙe, aka shimfiɗa masa hanyoyin kwalta daban-daban, wata a sama wata a ƙasa. Akwai ta gabas, ta yamma, ta kudu, ta arewa, ga ta 'yan koyo, ga wata da aka yi ta musamman don ta yi kama da hanyar hawan dutse. Babu wadda take zuwa wani gari, kowacce zagayawa take yi ta dawo inda ta faro. Abin da ya fara ɗaure mini kai yana bakin ƙofa: mashiga ɗaya ce da gidan namun dajin Tohoku Safari Park, inda ake ajiye zakuna da raƙuman dawa da jakunan dawa. Na fito daga jihar da ke da Gashaka Gumti, gandun dajin da ya fi kowanne girma a Najeriya, amma sai a nan na ji gurnanin zaki ya haɗu da kukan inji. Shugaban wurin, Nobushige Kumakubo, shi ma direba ne, kuma shi ya ci D1, babbar gasar zamiya ta ƙasar, a 2006. Ƙasar kanta ba ta zama wuri ɗaya. Kowa ya ji labarin girgizar 11 ga Maris 2011 da ambaliyar teku da tashar nukiliyar da ta lalace a gaɓar wannan lardi. A Fabrairun 2021 wata girgizar ta zo, gefen dutsen Ebisu ya zabtaro ya binne wani sashe na hanyoyi da gine-gine, masu son wasan daga ƙasashe da yawa suka yi karo-karo aka gyara.

Na zaci samari zan tarar masu askin banza da tabarau. Akwai samarin, amma ga likitan haƙori, ga ma'aikacin gidan waya, ga wata matar aure da ta zo da 'yarta, ga wani manomin shinkafa da ya loda tayoyi a bayan wata 'yar mitsitsiyar a-kori-kura wadda injinta bai wuce siisii 660 ba. Shugabansu bakanike ne, furfura ta gama cin kansa, hannayensa duk kanta. An ce taro ƙarfe takwas, takwas saura biyar kowa yana tsaye. Dattijon ya ɗauko tutoci ɗaya bayan ɗaya yana bayani, ɗan yayata yana raɗa mini fassara: ruwan ɗorawa, akwai haɗari a gaba, ka rage gudu kuma kada ka wuce kowa, ja, an tsayar da komai, mai ɗigon fari da baƙi, lokacinka ya ƙare. Mutanen da suka shekara da shekaru suna wannan wasa suka tsaya suna saurare kamar yau suka fara ji. Daga nan aka bi motoci ana dubawa. Ya girgiza batir ya ga ko a ɗaure yake, ya leƙa ƙarƙashi ko baƙin mai na ɗiga, ya ja bel, ya duba hular kwano da safar hannu da ƙugiyar da za a ja motar in ta mutu. An kwashe komai daga ciki, har tabarmar ƙafa da kwalbar ruwa, don kada wani abu ya gangara ƙarƙashin birki. Wani saurayi aka ga notin tayarsa ɗaya ya yi sanyi. Bai roƙa ba, bai ce a yi masa alfarma ba, ya rusuna ya tafi neman sifana.

Gudu da agogo ba irin tseren da muke gani a talabijin ba ne, inda motoci ke tashi tare. Ana sakinsu ne da tazara, a hanyar da tsawonta ya kai kamar kilomita 2. An ɗaure wa kowace mota wata 'yar na'ura da ba ta fi akwatin ashana biyu ba, duk lokacin da ta ƙetare layi sai kwamfuta ta rubuta lokacinta har zuwa kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Kashi ɗaya cikin dubu! Mu da muke cewa mu haɗu bayan la'asar, la'asar ɗin ma har da sakaliya. Zagayen da ya fi sauri shi ne naka, sauran duk shara ne. Ƙarar kuwa ba a kunne kaɗai ake jinta ba, har cikin ƙirji. Wata Mazda RX-7, wadda injinta ba shi da fistin irin na sauran motoci, kukanta siriri ne mai tsini, in ta rage giya sai salansarta ta tofar da wuta.

Matar nan mai 'ya ita na fi zuba wa ido. Tana shigowa daga zagaye ba ta cire hular kwano ba ta durƙusa gaban taya, ta auna iska, sannan ta ɗora wani ma'auni a wuri uku a faɗin tayar, gefen ciki, tsakiya, gefen waje, tana faɗin lamba yarinyar tana rubutawa a littafi. Ɗan yayata ya ce in tsakiya ya fi zafi iska ta yi yawa, in gefe ɗaya ya fi zafi tsayuwar tayar ce ba daidai ba. Ta sauke iska kaɗan, tsss, ta koma. Da takardar sakamako ta fito, abin da ta rage bai kai rabin daƙiƙa ba, amma sai da mutane suka taso daga rumfunansu suna tafa mata. Ba ita ce ta ɗaya ba, ba ta kusa ma. Lokacinta na bara ta kayar. Duk hirarsu kuma ba ta wuce Tsukuba, wata hanyar tsere a lardin Ibaraki mai tsawon mita 2,045, inda duk wanda ya zagaye ta a ƙasa da minti ɗaya ya shiga sahun manya.

Da rana aka fito da abinci. Dunƙulen shinkafa ne mai kusurwa uku, an naɗe shi da wani baƙin ganyen teku mai ƙamas-ƙamas, a tsakiya an ɓoye kifi ko wani ɗan itace mai tsami da gishiri wanda ya sa na runtse ido. Sanyi ƙalau ake cinsa, babu miya, babu yaji, babu mai. Sai romon waken suya mai ɗumi, ƙamshinsa ya ɗan yi kusa da na daddawa, shi ya sa na yarda da shi nan take. Ɗan yayata shi ke karanta mini rubutun jikin kowace leda, domin naman alade da giya suna shiga abincinsu ta inda ba ka zato. A gefen rumfa kuma ga wata na'ura tsaye ita kaɗai a kan dutse, babu mai gadi, ka jefa kuɗi ta miƙo maka gwangwanin kofi da zafinsa, har da canji. Da dare muka sauka a Dake, wani ƙauyen maɓuɓɓugar ruwan zafi da ke jikin dutsen. Takalmi a bakin ƙofa, shimfiɗa a ƙasa kan tabarma mai ƙamshin ciyawa, wannan duk na gida ne. Amma da aka ce maza su taru a kwarmi ɗaya su yi wanka tsirara, shugaba da yaransa, na ce su je Allah ya ba da sa'a, na yi nawa a ɗaki.

Lahadi sai ka rantse wasu mutane ne daban suka zo. Abin da jiya yake kuskure, wato mota ta zame a kwana ta ɓata lokaci, yau shi ake nema. Motocin ma an sauya da yawa. Ga Nissan Silvia, ga 180SX, ga Toyota Chaser, duk sun sha duka: ƙofa launi daban, bodi a lotse, bamba ta tsage an huhhuda ta an ɗinke da igiyoyin roba, ɗinki reras kamar na ƙwaryar da ta fashe. Amma buɗe bonet ka gani, inji tsaf, ko ƙura babu. Dole motar ta zama wadda tayoyin baya ke turawa, irin Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna ko tsohuwar Marsandi, ba irin Golf ɗin tasha da tayoyin gaba ke ja ba. Direba ya nufo kwana da gudu, ya fizgi birkin hannu ko ya taka kuloci ya sake shi farat ɗaya, tayoyin baya su rasa riƙo, gindin motar ya fita waje. A nan ne aikin yake. Maimakon ya ɗaga ƙafa sai ya ƙara totur, sitiyari kuma ya mayar da shi ɓangaren da gindin ya nufa. Kwanar hagu ce, amma tayoyin gaba dama suke kallo, motar tana tafiya da haƙarƙarinta, farin hayaƙi yana tashi har ya rufe bishiyoyi. Alƙalai ba agogo suke duba ba. Suna kallon layin da ka bi, da yawan karkatar, da saurin da ka shigo da shi, da ko ka yi abin cikin natsuwa ko kokawa kake da motar.

Dattijon ya yafuto ni ya nuna kujerar gefensa a cikin Chaser, mota mai ƙofa huɗu irin wadda alhaji zai je ɗaurin aure da ita. A Japan hagu ake bi, yadda muke yi kafin 1972, sitiyari yana dama. Don haka na zauna a mazaunin direban gida, gabana babu komai sai ƙarfen riƙewa. Aka ɗaure ni da bel ta kafaɗu da ƙugu har numfashi sai da dabara. Muka nufi kwanar farko, na ga bango yana tahowa, na ji ƙarar birkin hannu ƙarat, duniya ta juya. Gilashin gaba daji yake nuna mini, hanyar da za mu bi kuwa ta tagar gefena take shigowa. Warin roba ya cika hanci, ɓarɓashinta har kan harshe, ɗaci-ɗaci. Ina ta la haula, na saci kallon mutumin: ya saki sitiyari yana juyawa da kansa ta cikin tafin hannunsa, ya cafke shi daidai inda yake so, fuskarsa kamar mai sauraren labaran rediyo.

Da yamma aka shiga bibbiyu, ɗaya a gaba ɗaya yana bin sa, dukansu a karkace, ƙofa kusa da ƙofa har kana iya miƙa hannu ka taɓa. Na baya aikinsa ya kwaikwayi na gaba ya manne masa ba tare da ya buge shi ba, sannan su yi musaya. A wani zagaye likitan haƙori ya daki ƙofar ma'aikacin gidan waya, gwaram, fitila ta tarwatse. Na gyara tsayuwa ina jiran abin da na saba gani a shataletale: cin kwala, taron jama'a, ka san ko ni wane ne. Suka fito, kowa ya cire hular kwano, wannan ya rusuna wancan ya fi shi rusunawa, kowa yana cewa laifinsa ne. Sannan suka ɗauko tsintsiya tare suka share gilashin.

Tun ina kallon hayaƙin nan zuciyata take gida. Wasan nan mun san shi. Ranar kai amarya ko ranar da ɗan takara ya ci zaɓe, samari su ɗauki motar gida su hau titi, wasu a zaune kan taga, ana juyi a mararraba, yara sun kewaye, Keke Napep na neman hanya. Tun da fim ɗin Tokyo Drift ya fito a 2006 ya zaga gidajen kallo, yaranmu suke gwadawa. Kuma babu garin da bai taɓa mayar da biki zaman makoki ba saboda haka. Muna zaginsu, 'yan sanda su kama na kamawa, biki na gaba a sake. Abin da ban sani ba sai da na zo nan shi ne su ma haka suka faro. Kunimitsu Takahashi, wanda ya zama ɗan Japan na farko da ya ci babban tseren babur na duniya a 1961, da ya koma mota shi ya shahara da zamar da ita a kwana a shekarun 1970. Samari suka gani suka kwashe salon suka kai hanyoyin duwatsu cikin dare, ba bisa doka ba. A cikinsu aka sami Keiichi Tsuchiya, wanda faifan bidiyonsa na 1987 a cikin 'yar Toyota AE86 ya watsa abin ko'ina. Wannan yaron titin shi ne ya zo na biyu a tseren awa 24 na Le Mans a Faransa a 1999, kuma shi da ɗan jarida Daijiro Inada suka kafa gasar D1, wadda ta yi kakarta ta farko a 2001. Ba a kashe sha'awar ba, shinge aka yi mata, aka sa mata lokaci da alƙali da dattijo mai duba noti.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan hikima. Sukuwar hawan sallah a ƙofar fadar Sarkin Muri gudu ce mai haɗari, amma tana da filinta, da ranarta, da masu kore mutane daga hanya, da manyan da ke cewa wane ya isa ya hau, wane bai isa ba. Doki muka yi wa wannan gata, mota muka bar wa yara su koya a kan jama'a. Hannu kuwa suna da shi, na ga direbobin da ke hawa Mambila daga Mayo Selbe da lodi cikin hazo, na ga abin da bakanikenmu ke tayarwa da guduma da waya. Fili kuma ba shi ne matsalar Taraba ba. Ina jin ciwon abin, domin yaron da zai iya zama Tsuchiya namu yana can yana juyi a gaban makarantar firamare.

Ƙarfe huɗu aka ɗaga tuta, injuna suka mutu lokaci guda. Kowa ya ɗauki tsintsiya da buhu, ana tsince ɓarɓashin roba da guntun igiya har inda ba shi ya zubar ba. Tayoyin da aka cinye tun safe, wasu har waya ta fito, an jera su tsibi guda, kuma kuɗi za su biya a kwashe. Na ce wa ɗan yayata ya gaya wa dattijon cewa a wurinmu wannan dukiya ce, takalmi za a yanka, a ɗaure rufin rumfa, tsofaffin tub kuma su zama guga. Ya sa aka maimaita masa, sannan ya ce in na koma in aiko masa da hoton takalmin, yana son ya ga yadda ake ɗinke maɗaurin.

Aka yi rabon kyauta a tsaye cikin sanyi. Wanda ya fi kowa sauri ranar Asabar ya sami ƙaramin buhun shinkafa daga gonar manomin nan, gwanin zamiya ya sami galan na baƙin mai, matar da ta kayar da lokacinta aka ba 'yarta sabon littafin rubutu. Motocin da ba su da lamba aka ɗora su kan manyan motoci, domin a Japan motar da ba ta ci jarrabawar lafiya ta duk shekara biyu ba ba ta taka titi. Masu lamba suka sauya tayoyi suka bi layi suna gangarawa, mutumin da ɗazu yake tafiya a karkace yana ba da sigina a mararrabar da babu kowa. Motar ɗan yayata lagireto ya fashe mata tun azahar, don haka a gaban a-kori-kurar manomin na sauko, gwiwoyina sun tokare gaban mota, shi kuma yaron ya tsaya taya dattijon ɗaure tasa. An riga an sa ranar fita ta gaba a watan Mayu, sai dai manomin ya ce ba zai samu zuwa ba, lokacin dashen shinkafa ne.